Kundin aiki: zaɓen ƙaramar tirelar da za ta ɗauki babur mai ƙafa uku a bayan motar gida

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Abin da ake so a ɗauka Harley-Davidson Tri Glide Ultra ne, babur ɗin doguwar tafiya mai taya ɗaya a gaba da biyu a baya, wanda kamfanin ya fara fitarwa a samfurin 2009. Ba dangin adaidaita sahu ba ne, ko da yake ƙafa uku duka: ba shi da rumfa, mutum biyu yake ɗauka, kuma da mai da komai nauyinsa ya kai laba 1,237, wato kilo 560 da ɗoriya. Tsawonsa inci 105, faɗinsa ta baya kusan inci 55, tsakanin cikinsa da ƙasa kuwa bai cika inci 5 ba. Duk lissafin nan da laba da inci za a yi shi, domin da su ake rubuta takardun mota a Amurka. Laba ɗaya kilo 0.45 ce.

Mai ja kuma motar gida ce mai tsawon ƙafa 32, irin wadda ake gina ɗaki a kan shasin Ford E-450, gado ya leƙo saman direba. Tana zaune a Teksas, amma yawancin tafiyar da za ta yi hawan duwatsun Kolorado ne.

An kwafe lambobin da ke manne a jikin ƙofar direba da na littafin shasi. Iyakar nauyin motar ita kaɗai, wanda suke rubutawa GVWR, laba 14,500. Iyakar aksil na gaba, wato ƙarfen da tayoyi ke ɗaure a kansa, 5,000, na baya 9,600. Iyakar mota da abin da take ja a haɗe, GCWR, 22,000. A jikin ƙarfen ja na baya akwai wata takarda daban: ja 5,000, nauyin da zai danna ƙwallo, wato dunƙulen ƙarfen da ake maƙala wuyan tirela a kai, 500.

Hanyoyi biyu an ajiye su gefe tun yau. Ta farko, lif mai haidirolik da ake ɗaurawa a bayan mota a ɗora babur a kai. Wannan na manyan motoci masu injin dizal a baya ne, babur kaɗai ya ninka iyakar ƙwallon nan fiye da sau biyu. Ta biyu, ɗan keken da ke ɗaga tayar gaba ya bar na baya suna bin kwalta. Tayoyin baya da bel da cikin giya za su yi ta juyawa ɗaruruwan mil inji yana kashe, ga tsakuwa, kuma ba a iya yin ribas da shi.

Laraba, 5 ga Maris

Yau ranar sikeli. An loda motar kamar za a kama hanya: tankin fetur cike, tankin ruwa mai galan 40 cike, gas, abinci, kaya, mutum biyu a kujerun gaba. An hau sikelin CAT Scale na tashar manyan motoci, mai faranti uku a jere, tayoyin gaba a na farko, na baya a na biyu. Takarda ta fito: gaba 4,380, baya 9,020, jimla 13,400.

Wanda ya tsaya a kan jimla zai ce hanya a buɗe take. An cire 13,400 daga 22,000, saura 8,600; ƙarfen ja ya yarda da 5,000. Amma saura nawa a aksil na baya? Laba 580 kacal. Kuma nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan ƙwallo ba ya isa aksil ɗin yadda ya taso, ƙaruwa yake yi a hanya, saboda ƙwallon yana can nesa da tayoyin baya. Da tef an auna: daga aksil na gaba zuwa na baya inci 220, daga na baya zuwa inda ƙwallo zai zauna inci 136. A raba 136 da 220, a ƙara ɗaya, ya ba da 1.62. Ma'ana kowace laba 100 a kan ƙwallo tana zama 162 a kan tayoyin baya, ta kuma ɗage 62 daga tayoyin gaba, inda sitiyari yake.

A raba 580 da 1.62: laba 358. Wannan ita ce iyakar gaskiya ta nauyin wuya a wannan motar, ba 500 ba. Tunda tirela tana buƙatar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya zauna a wuya don kada ta riƙa kaɗa wutsiya a kan gudu, idan aka nufi kashi 12, tirela da kayanta duka kada su wuce laba 3,000. A cire babur, a cire kusan 200 na tayar safaya da igiyoyi da sifanoni da hulunan kwano, abin da ya rage wa tirelar ita kanta bai kai 1,600 ba.

Dillalan tirela ba sa tambayar wannan. Tambayarsu ɗaya ce, nawa motarka ke ja, ka ce 5,000, su nuna maka mafi girma a filin.

Talata, 11 ga Maris

Buɗaɗɗiya ko rufaffiya.

Buɗaɗɗiya ta alminiyom tana da hujja mai ƙarfi: sau da yawa ba ta kai rabin nauyin rufaffiya ba, mutum biyu na iya tura ta da hannu a sansanin kwana, akwai ma irin ta Kendon da ake naɗewa a tsayar da ita a jikin bango. Wanda aksil ɗinsa ya fi wannan matsi, nan ya kamata ya tsaya. Abin da ya hana a nan shi ne inda babur zai zauna. Bayan motar gida akwai tayoyi huɗu da ke watso tsakuwa da ruwan kwalta, iskar da ke juyawa a bayan faffaɗar mota kuma tana tattara ƙura ta zube ta daidai kan abin da ke biye. Rufe babur da tamfol a kan hanya ya fi barinsa a buɗe ɓarna, don tamfol na kaɗawa yana goge fenti. Ga ƙanƙarar da ke zubowa a gabashin Kolorado da arewacin Teksas lokacin bazara, ga kwana a filin ajiye motoci da babur mai tsada a idon kowa. An tsaya a kan rufaffiya, da sharaɗin ta shiga cikin lissafin ranar Laraba.

Asabar, 15 ga Maris

An zaga filayen dillalai da tef a hannu. Abu na farko da za a riƙe: lambar da ake kiran tirela da ita, 6 a 12 ko 7 a 14, awon waje ne. Abin da ya shafi babur shi ne bakin ƙofar baya, tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, kuma a cire wayoyin sifirin da ke riƙe ƙofar idan sun shigo ciki.

Mai ƙafa 6 a 12, ta ƙarfe, aksil ɗaya: bakin ƙofa inci 63. Babur mai inci 55 zai shiga da saura inci 4 kowane gefe. Zai shiga, amma mahayi ba ya ganin madigadin baya yana hawa, kuma bayan an shiga babu inda mutum zai durƙusa ya ɗaure tayoyin baya. Da Can-Am Spyder RT ne, mai tayoyi biyu a gaba da faɗin inci 61, da zance ya ƙare a bakin ƙofa. An wuce.

Mai ƙafa 7 a 14, ta ƙarfe, aksil biyu, iyaka 7,000: ita ce kowa zai so. Fili a wadace, kuma idan taya ɗaya ta fashe saura uku su riƙe. Amma babu komai a cikinta laba 2,200 take. Da babur da kaya 3,640. Kashi 12 na wannan 437 ne, ƙasa da 500 ɗin da ke jikin ƙarfen ja, sai dai idan aka ninka da 1.62 ya zama 707 a kan aksil ɗin da 580 ta rage masa. Ta wuce da kusan 130. Kuma mai aksil biyu ba ta juyuwa da hannu, tayoyinta turjewa suke yi.

Mai ƙafa 7 a 12, ta ƙarfe, aksil ɗaya: babu birki, an rubuta mata iyaka 2,990. Wannan lamba ba haɗari ba ce. Aksil ɗin na 3,500 ne, amma jihohi da yawa, har da Kolorado, daga 3,000 suke wajabta birki, sai masu ƙira su rubuta 2,990 su huta da kuɗin birki. A Teksas ma sai tirela ta wuce 4,500. Doka ke nan. Littafin Ford kuwa cewa ya yi duk abin da ake ja da ya wuce laba 1,500 ya kasance da birkinsa. Wanda ya san gangarar da ke yammacin ramin Eisenhower a kan babbar hanyar I-70, daga tsayin sama da ƙafa 11,000 zuwa Silverthorne, da gangara mai kashi 7 cikin ɗari, ba zai yi jayayya da littafin ba. Birkin motar da ma yana fama da laba 13,400 nata.

Ta huɗu, 7 a 12 ta alminiyom, ita ta dace da lissafi: bakin ƙofa inci 75, nauyi wajen 1,300. Ta fi ta ƙarfe tsada sosai. Wadda ke filin tana da goshi mai tsini da gajeren wuya, don haka ba a ɗauke ta ba, oda aka bayar.

Abin da aka rubuta a odar: aksil ɗaya na 3,500 mai roba a ciki maimakon sifirin ganye, don ya fi laushi kuma daɓen ya fi kusa da ƙasa, birkin lantarki a tayoyi biyu, iyaka 3,500 a takarda, tayoyi ST205/75R15 ajin D, masu ɗaukar 2,150 kowace a iska 65 a awon psi, maimakon ajin C masu 1,820 a iska 50, safaya irinsu, sandunan ƙarƙashin daɓe a tazarar inci 16, ba 24 ba, daɓen katako mai kaurin inci uku bisa huɗu, tagogin iska biyu, ɗaya gaba a sama, ɗaya baya a ƙasa, saboda warin fetur, ƙofar gefe. Sai goshi miƙaƙƙe da wuya mai inci 54 daga ƙwallo zuwa bango.

Wuyan yana buƙatar bayani. Faɗin motar ya haura inci 100, rabinsa 50. Idan tazarar ƙwallo da bangon tirela ba ta kai wannan ba, ranar da aka karya kwana sosai ko tirela ta naɗe a ribas, kusurwar motar za ta daki kusurwar tirela. Goshi mai tsini ana sayar da shi don yanka iska, amma a bayan ɗaki mai tsayin ƙafa 11 babu iskar da ta rage a yanka.

Litinin, 24 ga Maris

Kafin tirela ta iso, aikin waya. Soket ɗin bayan motar mai baki bakwai ne, abin da ke sa mutum ya ɗauka komai a haɗe yake. Da mita aka bi baki-baki: fitilun baya, sigina ta hagu, ta dama, da wayar ƙasa duk suna aiki. Bakin birki, wanda bisa al'ada shuɗiyar waya ke zuwa masa, babu komai a bayansa. Wannan ya zama ruwan dare a motocin gida, inda masu gina ɗaki kan tsawaita shasi su bar wayar a naɗe a tsakiyar hanya ko kada su ja ta sam.

An ja sabuwar waya mai lamba 10 daga ƙarƙashin sitiyari zuwa soket, kusan ƙafa 35, cikin bututun roba, nesa da salansa. Mai lamba 12, wadda ta fi ta siriri, za ta ɗauki wutar, tunda kowane maganaɗisun birki amfiya 3 yake ja, biyu 6, amma a wannan nisa wuta na raguwa a hanya, birki ya yi sanyi. Na'urar sarrafa birki Tekonsha Prodigy P3 ce, irin wadda ke jin yadda mota ke rage gudu ta ba tirela daidai gwargwado. Wutarta daga batir kai tsaye, ta makatsin wuta mai amfiya 20 da ke mayar da kansa.

An kuma kwanta a ƙarƙashi an duba inda aka yi waldar ƙarin shasi da notocin ƙarfen ja. Babu tsaga, babu tsatsa mai cin ƙarfe. Ba za a sa ƙarin hannu don tsawaita ƙwallo ba. Masu ƙera shi da kansu kan ce yana iya rage iyakar nauyi da rabi, kuma zai ƙara wa inci 136 ɗin nan tsawo.

Laraba, 2 ga Afrilu

Tirela ta iso. A sikeli, babu komai ciki, 1,320. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikin tayoyi, mako da shekara, sun nuna na bara ne, ba laifi.

Zoben ɗauri huɗu da suka zo da ita da sukurori aka kafe su a katako kawai. An cire su duka. Babur mai sama da rabin tan idan aka taka birkin gaggawa zai tumɓuke sukurori daga katako ba tare da wahala ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Neman mazaunin babur, kuma wannan ne aikin da ba a gaggawa da shi, don kafin a huda daɓe ake yin sa.

Hawan farko bai yiwu ba. Daɓen tirela inci 18 ne daga ƙasa, ƙofar da ke sauka ta zama gada inci 72, kusurwarta digiri 14 da rabi ke nan. Tsakanin tayar gaba da na baya na babur kusan inci 66 ne, kuma da mahayi a kai cikinsa na sauka zuwa wajen inci 4, abin da ke ba shi damar tsallake tudu mai digiri 14 kawai. Ana tura shi a hankali, mutum ɗaya yana kwance yana leƙe, aka ga ƙasan firam saura kaurin yatsa ya taɓa maɗaurin ƙofa tayoyin baya ba su ma fara hawa sosai ba. Magani: katako biyu masu faɗin inci 10 aka ɗora a kan juna aka kafe, na ƙasa ya fi tsawo, bakin ƙofa ya sauka a kansu, da wasu gajeru a gaba don tayoyi uku su hau. Hakan ya ɗaga bakin da inci 3, kusurwa ta koma digiri 12, ciki ya wuce. Layin tayoyi uku ne, ba biyu ba, don haka katakon ya cika faɗin ƙofar. Kuma ba a hawa sai tirela tana ɗaure da mota ko an kafa ƙafafun bayanta, in ba haka ba wuyan zai yi sama.

An ajiye mariƙin tayar gaba ba tare da an kafe shi ba, tsakiyar tayar tana inci 20 daga bango, aka sa ƙaramin sikelin wuya a ƙarƙashin makamar ƙwallo, tirela a miƙe daidai tsayin da za ta yi tafiya. Ya nuna 395. Ya wuce 358. Daga ƙwallo zuwa aksil ɗin tirela inci 140 ne. A raba 1,237 da 140, kowane inci ɗaya da babur ya ja baya yana sauke kusan laba 9 daga wuya. An ja shi inci 7, sikeli ya nuna 333. Nauyin tirela da komai wajen 2,750, kashi 12 ke nan cif. An zana wurin da alli.

Kada a ga sauƙin abin a ci gaba da ja baya don a rage wa mota. Ƙasa da kashi 10, wato 275 a nan, tirela za ta fara lilo da zarar babbar mota ta wuce ta, kuma direban motar gida ba ya ji a jikinsa sai abin ya yi nisa.

Mariƙin taya da sabbin zobba shida an ɗaure su da ƙusoshi masu noti na inci uku bisa takwas, sun ratsa katako sun ratsa sandar ƙarƙashi, da farantin ƙarfe a ƙasa. Inda zobe bai faɗa kan sanda ba, an sa faranti mai tsawo da ya haɗa sanduna biyu. Tsakanin ƙarfe da alminiyom an shimfiɗa roba, domin idan suka haɗu da ruwan gishirin da ake zubawa a hanyoyin ƙanƙara, alminiyom ne ke cinyewa.

Ɗauri: a gaba, madauki mai laushi a ƙasan wuyan babur, inda sandunan shokoba suka haɗu, a kauce wa tiyon birki, bel biyu su ja gaba da gefe. A matse har shokoba ta nutse kamar inci ɗaya, ba har ƙasa ba, don kada robobinta su fara zubar da mai. Ba a ɗaurewa a hannun tuƙi, lanƙwashewa yake yi. A baya, bel ya bi ta saman kowace taya ya sauka a zobe gaba da baya. Idan aka ɗaure jikin babur maimakon taya, duk ramin da aka faɗa jiki zai nutse, bel ya saki, ƙugiya ta fita. Lambar da za a duba a jikin bel ita ce ta nauyin aiki, wadda take kashi ɗaya bisa uku na inda yake tsinkewa. Babbar lambar da ke kan kwali ta tsinkewa ce. Birkin ajiya a danne, kuma a sa ƙararrawar tsaro a yanayin jigila, in ba haka ba girgiza za ta yi ta tada ita har batir ya mutu kafin a isa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Gwajin hanya. Ƙwallo mai inci 2, a kan hannu mai sauka inci 4, tirela ta zauna a miƙe. Sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashin wuya. Wayar da ke kama birki idan tirela ta ɓalle an maƙala ta a jikin shasi, ba a sarƙa ba. An zare filoginta an gwada, tayoyi suka kafe. Da aka ja hannun na'urar birki har ƙarshe, mita ta nuna amfiya 6.

Sabon birki ba ya kamawa da kyau sai takalmansa sun zauna. A hanyar da babu motoci an yi ta sauka daga gudun mil 40 zuwa 20 da birkin tirela kaɗai, ana ba shi lokaci ya huce, kamar yadda masu ƙera aksil ke cewa a yi sau 20 zuwa 30, sannan aka saita ƙarfin na'ura daidai ƙasa da inda taya ke kafewa. Notocin taya an sake ɗaure su a mil 10, 25 da 50, a kan ƙarfin ɗauri 100 a awon ft-lb. A tsayawar farko wasu sun karɓi ɗauri, abin da aka saba gani a sabon wili. Bel ɗin baya na hagu ya ɗan saki, an ƙara masa.

An zubar da galan 25 na ruwa kafin a koma sikeli. Galan ɗaya laba 8.3 ne, kuma tankin yana bayan aksil, don haka abin da ya sauka daga tayoyin baya ya fi 208 ɗin da aka zubar. Takarda: gaba 4,220, baya 9,300, tirela 2,420, jimla 15,940. Saura 300 a aksil na baya. Da tanki cike da saura bai wuce 40 ba, don haka ƙa'idar motar daga yau ita ce tafiya da galan 15, a cika a masauki. Ford na ba da shawarar rage kashi 2 cikin ɗari na iyakar nauyi a kowace ƙafa 1,000 ta tsayi ga injin fetur. A ƙafa 11,000, 22,000 ta koma 17,160, har yanzu sama da jimlar nan. Tsawon mota da tirela ƙafa 50, ƙasa da 65 da Teksas ta yarda. Gudu ba zai wuce mil 65 ba, idan kuma aka shiga Kalifoniya 55 ne ga duk mai jan tirela.

Matsala ɗaya ta fito da ba ta cikin lissafi: tirela mai faɗin ƙafa 7 ba ta bayyana a madubi ko kaɗan idan ana tafiya miƙe. A ribas, kafin kusurwarta ta leƙo a madubi ta riga ta karkace da yawa, kuma gajeriyar tirela a bayan doguwar mota saurin naɗewa gare ta. Kyamarar bayan motar ƙasa take kallo, wuya kawai take nunawa. Hannun ƙwallo kuma ya goge ƙasa a fitowa daga gidan mai mai gangara. A irin wurin sai a karkace a fita, ba a miƙe ba.

Saura: ɗaga kyamara ta kalli rufin tirela, sa na'urar da ke nuna iska da zafin tayoyin tirela a gaban direba, gyaran takalman birki idan an cika mil 200 na farko, daga nan kowane mil 3,000. Giris na boris kuma shekara-shekara ko mil 12,000, duk wanda ya riga zuwa.